Wace Ce Ta Haifi Luffy? Fashin Baƙi Kan Giɓin da One Piece Ya Bari

Duk mai bin One Piece, labarin zane na Japan a kan 'yan fashin teku, ba ya manta ranar da Garp ya je gaishe da jikansa Luffy, jarumin labarin, a birnin Water 7. An gama gumurzun Enies Lobby, Luffy da mutanensa suna jinyar raunuka, sai ga dattijon jami'in sojan ruwan ya fasa bango ya shigo, ga ƙofa a gefe bai ko kalle ta ba. A babi na 432, ana cikin hira, yana ƙwaƙular hanci, sai ya saki magana kamar ba komai ba, wai ya ji labarin Luffy ya haɗu da ubansa a Loguetown. Sunan uban Monkey D. Dragon. Kowa ya ƙame a inda yake, domin Dragon shi ne jagoran rundunar juyin-juya-hali, mutumin da Gwamnatin Duniya take nema ruwa a jallo fiye da kowa. Mutum ɗaya ne maganar ba ta girgiza ba, shi ne Luffy. Shi mamakinsa ɗaya: ashe dama yana da uba?

A shekarar 2006 aka buga wannan babi. Tun ranar aka san uba, aka san kaka, amma babu wanda ya buɗe baki ya ce ina uwar. Labarin ya haye babi 1,100 ba a nuna fuskarta ba, ba a ambaci sunanta ba, shi kansa Luffy bai taɓa tambaya ba. A cikin wannan shirun ne masoya suka gina hasashe iri-iri, wani mai ma'ana, wani kuma ko tsayuwa ba ya iya yi. Wanda bai kai ƙarshen yaƙin Marineford da tsibirin Egghead ba ya sani cewa zan tona abubuwa da yawa a nan.

Kafin a ga laifin masu hasashe, ya kamata a san wanda ya koya musu. Eiichiro Oda ya fara buga One Piece a mujallar Weekly Shonen Jump a Japan a watan Yulin 1997, kamfanin Toei ya fara nuna shi a talabijin a watan Oktoban 1999. A tsawon waɗannan shekaru Oda ya saba wa masu karatu da wata ɗabi'a: yakan binne iri ya wuce, sai an manta da shi ya dawo ya girbe. Dragon ya fara bayyana ne a babi na 100, cikin ruwan sama da iska, ya riƙe hannun Smoker, wani jami'in sojan ruwa, lokacin da ya danne Luffy a ƙasa. Babu wanda ya san dalilinsa sai bayan babi 332. Ace ma haka. An daɗe ana ɗaukarsa wan Luffy uwa ɗaya uba ɗaya, sai a babi na 550 Sengoku, shugaban sojojin ruwa, ya tsaya a kan dandamalin kisa ya shelanta wa duniya cewa ɗan Gol D. Roger ne, sarkin 'yan fashin teku. Mai karatun da aka yi wa haka sau biyu, dole ya riƙa cewa ruwa ba ya tsami banza duk inda ya ga an tsallake wani abu.

Hasashen da ya fi kowanne suna, kuma ya fi ɗaure wa sabon shiga kai, shi ne mai cewa Crocodile ne uwar Luffy. Eh, Crocodile ɗin nan dai, mai ƙugiya a hannun hagu da tabo a gicciye a fuska, shugaban ƙungiyar Baroque Works da ya kusa kifar da masarautar Alabasta. Wanda ya ji maganar a karon farko zai ce wasa ne. Amma masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba, suna da abin nunawa, kuma ya dace a saurare su har ƙarshe.

Tushen maganar yana kurkukun Impel Down, a babi na 540. Luffy ya kutsa har hawa na shida a ƙarƙashin teku don ceto Ace, ya tarar an riga an tafi da shi. Crocodile da ke tsare a can ya nemi a sake shi ya taimaka musu su fita. Luffy ya ƙi. Sai Emporio Ivankov ya ce a sake shi, ba zai iya cin amana ba, domin ya san shi tun yana sabon shiga harkar fashi, kuma yana riƙe da wani sirrinsa. Crocodile, mutumin da ba ya risina wa kowa, ya haɗe rai ya yi shiru. Ba a sake komawa kan sirrin ba. To, wane ne Ivankov? Babban kwamanda ne a rundunar Dragon, kuma ɗan itacen shaiɗan da ya ci ya ba shi ikon sarrafa sinadaran jikin mutum, har yakan mayar da namiji mace, mace namiji, an kuma nuna yana yin hakan a cikin kurkukun. Masoya suka haɗa ɗaya da ɗaya: sirrin da irin wannan mutum zai riƙe a kan wani, ai bai wuce wanda ya shafi aikin hannunsa ba. Ke nan Crocodile mace ce a da. Idan kuwa mace ce da ta san na hannun daman Dragon, me zai hana ta san Dragon ɗin kansa?

Daga nan sai aka shiga tsince-tsince. A wani babi na musamman da ake kira babi na 0, an nuna manyan 'yan fashi suna matasa a wurin kisan Roger, amma Crocodile ƙeyarsa kawai aka nuna. Da Oda ya zana shi yana yaro a shafin amsa tambayoyin masu karatu da ake kira SBS, wasu suka ce fuskar ta fi kama da ta yarinya. Sai kuma babbar hujja, wato abin da ya faru a Marineford, hedkwatar sojojin ruwa, inda aka gwabza yaƙi a kan kisan Ace. Crocodile ya je can ne don ya kashe Whitebeard, babban ɗan fashin da Ace yake ƙarƙashinsa, har sai da Luffy ya tare shi. Amma bayan Sengoku ya sanar a babi na 558 cewa Luffy ɗan Dragon ne, sai aka ga mutumin ya sauya. Ya watsa wa masu shirin sare kan Ace yashi ya hana su. Ya tsaya a gaban Mihawk, gwanin takobin da ke yaƙi a ɓangaren gwamnati, ya tare masa hanya zuwa ga Luffy. Lokacin da Akainu, babban hafsan sojan ruwa, ya huda Jinbe, mai taimaka wa Luffy, yana neman ƙarasa Luffy da ke sume a hannunsa, Crocodile ne ya sare shi da yashi, ya tayar da guguwa ta ɗaga su sama. Masu hasashe suka ce uwa ce ta gane ɗanta a tsakiyar fagen fama.

Biri ya yi kama da mutum, ban musa ba. Na kuma yarda cewa rabin farko na hasashen, wato cewa sirrin Crocodile yana da nasaba da ikon Ivankov, abu ne mai yiwuwa. Inda na rabu da su shi ne tsallen da ake yi daga nan zuwa haihuwar Luffy, kuma dalilaina daga cikin labarin suke.

Mu fara da lissafin shekaru. Crocodile yana da shekara 46 a yanzu cikin labarin, Luffy yana da 19. Ke nan yana da 27 aka haifi Luffy. An kashe Roger shekara 24 da suka wuce, lokacin Crocodile yana da 22. Oda ya bayyana a SBS cewa tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya shiga sahun Shichibukai, wato 'yan fashin nan bakwai da gwamnati ta ba lasisi. Mutumin da sunansa da hotonsa suke hannun gwamnati da 'yan jarida, yaya zai ɗauki ciki, ya haihu, ya sauya halitta, babu wanda ya lura a duniyar da jarida take isa kowane tsibiri?

Na biyu, Ivankov ɗin da aka jingina komai a kansa bai ma san Dragon yana da ɗa ba. Da Luffy ya faɗa masa a Impel Down, don firgita har bango ya buga. Sai daga baya ya tuna cewa Dragon yakan tsaya ya fuskanci gabas idan iska tana kaɗawa, ya kuma taɓa tambayarsa ko ya bar iyali ne a can, Dragon ya ce ya daina tona masa asali. Wanda ya san sirrin uwa har ya sauya mata halitta, da wuya a ce bai san ta haihu ba.

Na uku shi ne Alabasta. Sau biyu Crocodile yana barin Luffy a bakin mutuwa. Karon farko ya soke shi da ƙugiya ya jefa shi cikin yashi mai haɗiye mutum, karo na biyu ya tsotse ruwan jikinsa ya yar da shi kamar busasshen ganye. Masu hasashe sukan ce ai bai san ɗansa ba ne. To amma takardar neman Luffy tana ɗauke da cikakken sunansa, Monkey D. Luffy. Matar da ta haifa wa Monkey D. Dragon ɗa, a ce ta ga wannan suna a kan yaro ɗan shekara 17 daga tekun gabas, zuciyarta ba ta ko motsa ba? Abin da ya yi a Marineford kuwa yana da fassara mafi sauƙi, shi da bakinsa ya faɗa: ba ya son ya ga sojojin ruwa sun yi nasara. Gwamnatin da ta tuɓe masa muƙami ta jefa shi kurkuku ita yake huce haushi a kanta, kuma ganin Whitebeard, mutumin da ya taɓa kayar da shi, an soke shi ta hanyar yaudara ya taɓa masa zuciya.

Sauran hasashen ba su kai wannan nauyi ba. Akwai masu cewa Dragon surukin Garp ne, 'yar Garp ce uwar Luffy, Dragon ya ɗauki sunan gidan matarsa ne. A Japan wannan sanannen abu ne, miji yakan shiga gidan matarsa ya ɗauki sunan danginta, musamman idan gidan ba shi da magaji namiji, har suna da kalma a kansa, mukoyoshi. Sai dai Garp yana kiran Dragon ɗansa, yana kuma ƙorafin cewa ɗansa ya zama ɗan tawaye. Akwai masu cewa uwar 'yar gidan Tenryuubito ce, manyan masu sarautar duniya, ko kuma baiwarsu ce, kuma abin da aka yi mata ne ya tunzura Dragon ya ɗauki makami. Wannan yana da daɗin ji, amma babu zane ɗaya da za a ɗora yatsa a kai. A 2023, da labarin yarintar Bartholomew Kuma, ɗaya daga cikin mutanen Dragon, ya fito da Ginny, mace mai fara'a da cin abinci kamar Luffy, wadda ta zama kwamanda a rundunar Dragon, nan take aka ce an ga uwar. Makonni kaɗan hasashen ya yi a raye. Ginny uwar Bonney ce, Tenryuubito suka sace ta, ta dawo da jaririya da cutar da ta yi ajalinta, Kuma ya ɗauki yarinyar ya raine ta a matsayin 'yarsa.

Ba wai hasashen masoya ba ya zama gaskiya ba ne. Masu karatun Naruto sun daɗe suna cewa Hokage na Huɗu, shugaban garinsu, ne ubansa kafin a tabbatar a babi na 367, domin gashi iri ɗaya, ido iri ɗaya, ga kuma tambayar me ya sa a cikin duk jariran gari shi aka zaɓa aka rufe dodon a cikinsa. A My Hero Academia an yi shekaru ana cewa Dabi shi ne Toya, ɗan Endeavor da aka ce ya mutu, har aka tabbatar a babi na 290 a 2020. Abin da ya haɗa waɗannan biyu shi ne, labarin da kansa yana jin ciwon giɓin. Naruto yaro ne da maraici ke ci, gidan Todoroki kuwa, wato gidan Endeavor, gida ne mai hoton mamaci a ɗaki. Amsar da ta zo ta warkar da wani abu ko ta fasa wani ƙurji. Luffy fa? Ba ya kwana da tambayar. Ko uban da aka faɗa masa sunansa bai taɓa cewa a juya jirgi a je neman sa ba.

Oda ma ya taɓa tanka batun. Da wani mai karatu ya tambaye shi a SBS me ya sa iyaye mata a labarinsa ko dai sun mutu ko ba a san inda suke ba, sai ya amsa da cewa kishiyar kalmar kasada ita ce uwa. Ma'anarsa a fili take: yaron da uwarsa ke bakin ƙofa tana jiran sa da abinci ba zai shiga kwale-kwale shi kaɗai ya nufi teku ba. Dubi jerin iyayen abokan tafiyar Luffy da ta Ace: Banchina uwar Usopp ciwo ya kashe ta, Olvia uwar Robin ta mutu a ƙonewar Ohara, Sora uwar Sanji ta mutu tana ƙoƙarin kare mutuntakar 'ya'yanta, Rouge ta riƙe cikin Ace wata 20 don kada a gane ɗan Roger ne, tana haihuwa ta sa masa suna ta cika. A wata hira kuma da mujallar Shonen Jump ta Amurka, Oda ya ce yana jin uwar Luffy tana raye, kuma in za ta fito, mace ce mai tsauri, kakkaura, ba kyakkyawa ba, mai nannaɗaɗɗen gashi irin na matan da suka manyanta. Duk wanda ya san labarin, yana jin wannan siffa mace ɗaya ce za ta faɗo masa a rai, zan kuma zo kanta.

Abin da ya fi damuna da yawan tonon asalin nan shi ne, a cikin One Piece masu tambayar "ɗan wane ne?" su ne azzalumai. Sojojin ruwa ne suka bi tsibirin Baterilla suna bincikar mata masu ciki da jarirai don neman jinin Roger. Akainu ne ya ce jinin Ace da na Luffy shi kansa laifi ne. Ace ya tashi yana tambayar ko ya dace a haife shi, saboda abin da yake ji mutane suna faɗa a kan ɗan Roger in da akwai shi. Ya yar da sunan ubansa ya ɗauki na uwarsa, ya kuma ce uba ɗaya gare shi, Whitebeard, wanda ba su haɗa komai ba sai jirgi da amana. A ɗaya gefen kuma, duk inda Oda yake son ya sa mai karatu kuka, riƙo yake nunawa. Arlong, ɗan fashin da ya mamaye ƙauyen su Nami, abokiyar tafiyar Luffy, ya sa harajin rai, beri (kuɗin labarin) 100,000 kan babba, 50,000 kan yaro. Bellemere tana da 100,000 cif. Da ta ce ita kaɗai ce a gidan da ta tsira, domin babu takardar da ta nuna tana da 'ya'ya. Ta ce kuɗin na Nami da Nojiko ne, yaran da ta tsinta a fagen yaƙi, aka harbe ta a gabansu. Zeff, ɗan fashin da ya riƙe Sanji daga baya, ya ba shi duk abincin da ya rage a kan dutse a tsakiyar teku, suka yi kwana 85, shi ya rasa ƙafarsa. Mu da muka san ɗan riƙo, muka ga gwaggo ko kaka ta ɗauki yaro tun daga yaye har aure, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Gaskiya ne a shekarun baya-bayan nan Oda da kansa ya ƙara wa masu hasashe ƙarfin gwiwa. An nuna cewa Shanks, ɗan fashin da ya ceci Luffy yana yaro, jariri ne da mutanen Roger suka tsinta a cikin akwatin dukiya bayan abin da ya faru a God Valley, jininsa na gidan Figarland ne, cikin Tenryuubito, har yana da ɗan'uwa tagwai mai suna Shamrock. A 2025 aka bayyana cewa Blackbeard, babban abokin gabar Luffy, ɗan Rocks D. Xebec ne, abokin gabar Roger. Idan manyan labarin duk suna da ɓoyayyen asali, me zai sa a ce na jarumin ne kaɗai ba shi da komai a ƙasa? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma ba zan yi mamaki ba in wata rana aka buɗe shafi aka ga matar da Dragon ya aura. Dragon ya taɓa gaya wa Kuma cewa ɗa shi ne lagon mahaifinsa, wanda ke nuna nisantar da ya yi da Luffy kariya ce. Mai yiwuwa irin wannan dalili ne ya ɓoye uwar. Amma ko a labarin Shanks, abin da aka nuna shi ne albasa ba ta yi halin ruwa ba: jinin masu bautar da mutane ne a jikinsa, tarbiyyar jirgin Roger ce a halinsa, ita ce kuma ta sa ya ba da hannunsa na hagu don yaron wani ƙauye.

Matar da siffar Oda ta dace da ita sunanta Curly Dadan, shugabar 'yan fashin dutsen Colubo a bayan ƙauyen Foosha, ƙauyen su Luffy. Ƙatuwa ce, mai nannaɗaɗɗen gashi, taba ba ta barin bakinta. Ba don Allah ta karɓi yaran ba, Garp ne ya ce ko ta raine su ko ta tafi kurkuku da mutanenta. Ya kawo mata Ace yana jariri, ya dawo ya ƙara mata Luffy yana ɗan shekara 7. Ranar farko ta gaya masa abin da zai samu a gidanta: kwanon shinkafa ɗaya da kofin ruwa ɗaya a rana, sauran ya nema da kansa. Kullum cikin ƙorafi take, tana cewa in sun ɓata a daji ita ta huta. Amma daren da aka cinna wa babban jujin Gray Terminal wuta, ɗan fashi Bluejam ya ritsa yaran, ita ce ta keto hayaƙi da gatari a hannu. Ta sa mutanenta su gudu da Luffy, ta tsaya tare da Ace da ya ƙi ja da baya. Kwanaki bayan haka Ace ya dawo da ita a goye, jikinta duk ƙuna.

Ranar da Luffy ya cika 17 zai tafi, ta ƙi fitowa rakiya. Ya leƙa ya ce mata shi ba ya son 'yan fashin dutse, amma su yana son su. Ta daka masa tsawa ya tafi, ta juya baya tana sharɓar kuka.

Bayan Marineford, Garp ya koma Foosha. Dadan ta sauko daga dutse ta same shi a gaban jama'a, ta rafka masa kulki, ta shaƙe wuyan rigarsa tana dukansa tana tambayarsa yadda aka yi yana tsaye a wurin aka kashe Ace, ko aiki ya fi masa iyali. Garp, gwarzon sojojin ruwa, bai ɗaga hannu ba. Makino, mai mashayar ƙauyen, ta shiga tsakani tana cewa ta bari, ai Garp ne ya fi kowa jin zafin abin. Dadan ta sake shi, hawaye na zuba, ta ce a'a, wanda ya fi kowa jin zafi Luffy ne.